Kakar da Ba Ta Motsi

Aglaia ta dire wayarta a kan kantar shagon intanet da ke tsakiyar garin Bârlad. "Layin intanet irin na Smaranda nake so. Kai, wanda ya fi nata ma!"

Dorel mai shagon ya gane zancen. Smaranda ita ce uwar matar Codrin, ɗan Aglaia da ke aiki a birnin Torino can ƙasar waje tare da iyalinsa, kuma jika ɗaya tal tsofaffin biyu suke rabo, ƙaramar Ilinca.

"Haba Inna, ai naki ya fi nata tsada. Ke kika ce a ba ki mai babbar lamba."

"To don me nake daskarewa?"

Jiya bayan coci Smaranda ta tara mata tana baza labari, wai Ilinca har tafi take yi in ta rera mata waƙa ta waya. Sannan ta juyo da muryar tausayi: "Ke kuma an ce hotonki tsayawa yake cak, ko? Ayya." Wannan ayyar ta hana Aglaia cin abinci, tuwon masararta ya sandare a tukunya. Kishi take ji, ba ta kuma ɓoye wa kanta ba. Yarinya za ta tashi ta san kaka ɗaya, kuma waccan mai bakin ce.

Dorel ya nuna mata lambobi biyu na gudun layinta. "Babbar ta saukewa ce, abin da ke zuwa miki, shi ya sa kike ganinsu tar. Wannan 'yar ƙaramar ita ke kai fuskarki can. Taki ba ta da ƙarfi."

"Wato ina ganinta, ita ba ta ganina."

Ta zaɓi wanda lambobinsa biyu suka yi daidai, ko kuɗin ba ta tambaya ba.

Ranar da aka haɗa, ta ɗaura sabon kallabi ta kira su ta bidiyo.

"Mama, yau kin fito fes!" in ji Codrin.

Aglaia ta ɗaga hannu, ta rangaɗa waƙa yadda ko Smaranda sai ta ji daga gidanta. Ilinca ta zuba mata ido tana jira. Can sai leɓenta ya fara rawa, ta ɓuya bayan ubanta.

"Ba ita ba ce," in ji yarinyar.

Codrin ya sosa ƙeya. "Ai in kin daskare, ɗauka take wasa ne, ita ma sai ta ƙame har ki motsa. Kullum ke take tambaya. Ta ce ɗaya kakar ba ta iya ba."

Aglaia ta tsaya cak, hannu a sama, baki a buɗe. Kafaɗarta ta fara zogi. Ilinca ta leƙo a hankali, ta fito, ta ƙame tana danne dariya. Idanun tsohuwar suka cika da ruwa, amma ta ƙi ƙiftawa.