Awon Ranar da Aka Rufe Gada

Shekara shida Auta ta yi tana awon ƙarar tituna, kuma duk abin da ta sani a aikin nan daga hannun Kawu ta samo shi. Ƙanin mahaifiyarta ne, shi ne kuma mai ofishin. Shi ya koya mata kafa na'ura a kan ƙafafunta uku, a ɗaga ta daidai ƙirjin mutum, a nisanta ta da bango, a sa mata hular soso saboda iska. Mutum ne mai faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ya taɓa sa ta sake awon wuni guda cur, wai don wani mai walda ya yi aiki a kusa.

Sai aka kawo musu aikin wata makarantar yara da za a gina a bakin titin da manyan motoci ke bi zuwa gada. Kafin a aza bulo ɗaya, dole a auna ƙarar titin a kai wa hukumar tsara gari. Kwana uku Auta ta yi a filin, daga fitowar ma'aikata har tashinsu. Duk tirelar da ta wuce sai lambobi su yi tsalle. Ta rubuta abin da ta gani: ƙarar ta wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba. Sai an ja azuzuwa baya an yi katanga mai kauri, in ba haka ba malami zai wuni yana ɗaga murya, yara na kallon bakinsa. Ta san mai ginin ba zai so ba, don hakan zai cinye masa kusan rabin fili.

Kawu ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ce aiki ya yi kyau. Daɗi ya kama ta, don yabo a bakin Kawu sai an tona.

Bayan mako biyu, wata Laraba da safe, ya kira ta ofishinsa.

"Na'urar nan ta dawo daga gyara. Je ki filin makarantar nan ki gwada mana ita, tunda kin san wurin. Ki cike takarda ki sa hannu kamar kullum."

Ta tarar da titin tsit, sai 'yan babura jefi-jefi. Mai gadin filin ya ce ai yau an rufe gada ana gyara, motoci sun bi ta wata hanya. Ba ta damu ba, gwajin na'ura ne kawai. Ta cike takarda ta sa hannu, ta juya bayan takardar ta rubuta cewa gada a rufe take.

Wata guda bayan nan tana cikin bas ta hango filin. An haƙa harsashin azuzuwa dab da titi, ko taku goma babu. Ta sauka ba a inda ta nufa ba, ta wuce hukumar ta nemi fayil ɗin. Awonta na kwana uku babu shi ko sama ko ƙasa. Abin da ke ciki hoton takardar Laraba ne, gaban kawai aka ɗauka ban da bayan, ga sa hannunta raɗau a ƙasa.

Ta koma ofis ta tarar da Kawu yana goge tabarau. Ta ajiye masa kwafin takardar a kan tebur.

"Kawu, ka san an rufe gada ranar nan?"

"Na sani."

"Shi ya sa ka aike ni?"

"Zauna mana, Auta. Nuna mini lamba ɗaya ta ƙarya a takardar nan."

Babu, kuma abin da ya fi ci mata rai ke nan. Da ya goge lamba ya rubuta wata, da ta san inda za ta kama. Amma ita ta kafa na'urar, ita ta karanta, ita ta rubuta. Gobe yara su kasa jin malami, sunanta za a tarar a fayil.

"To me ya hana ka je da kanka? Kai ma ai kana iya sa hannu."

Ya sa tabarau ɗin, ya dube ta babu ko ɗar, kamar mai yi wa ɗaliba bayanin aiki.

"Nawa sa hannun 'yan hukumar sun fara bincikarsa, shekara biyu ke nan. Naki ne ba su taɓa dawo da shi ba, ko sau ɗaya. In suka ga hannunki ba sa ma buɗe shafi na biyu."

Ta so ta kira shi ta ce wani abu, amma kalmar Kawu ta ƙi fitowa daga bakinta.