Na-Gado Ya Ƙi Mutuwa

Tun da aka fara shirin barkwancin asibiti a talabijin, Na-Gado yake kwance a gadon bakin taga. Aikinsa ke nan: majinyacin da lafiyarsa ƙalau amma ya ƙi sallama, kullum da sabon ciwo. Da wannan kwanciyar yake ciyar da gidansa, har mutane suka manta sunansa na yanka.

Kwatsam darakta ya ja shi gefe, ya dafa kafaɗarsa. Wai masu kallo sun ƙoshi da dariya, ana so a taɓa zukatansu, saboda haka a shiri na gaba zai mutu, jarumin da ke fitowa a likita ya yi kuka.

"Ranka ya daɗe, a kashe wani mana. Ga gadaje nan cike."

"Baba, wa zai yi musu kuka? Kai ake ƙauna."

Na-Gado ba yaro ba ne. Ya san wanda ya mutu a shiri ba a sake kiransa aiki. Nan take ya ƙudura a ransa ba inda za shi.

Ranar ɗauka aka shafe masa fuska da farar hoda, aka kunna fitilu. Likita ya goga man zafi a ƙasan idanunsa, hawaye suka ɓalle, ya sunkuya ya ce sun rasa shi. Na-Gado ya buɗe ido ɗaya ya tambaya ko an kawo abincin rana. Aka sake, ya yi atishawa. Aka sake, yatsun ƙafarsa suka kama rawa a ƙarƙashin zanen gado. Mai fitowa a nas ta yi dariya har hularta ta faɗi. Likita kuwa, idanu jajur, ya rantse in aka ƙara sa shi shafa man nan, da hannunsa zai ƙarasa tsohon.

Darakta ya riƙe kai, can kuma sai ya saki fuska. Ya ce a tafi hutu, a cika wa Baba faranti, a juyo masa fanka, kada wanda ya dame shi. Na-Gado ya ci ya yi nak, ya miƙe ƙafa yana jin daɗin nasara. Barci ya yi awon gaba da shi.

Da ya farka, ana naɗe wayoyi, nas tana share hawayen gaske. Darakta ya kama hannunsa ya girgiza, ya ce bai taɓa ganin mutuwa mai kyan wannan ba. Munsharin kuma kada ya damu, mai sauti zai cire.

Ranar da aka haska shirin, maƙwabta suka cika masa falo. Matarsa, wadda ko zazzaɓi ya kwantar da shi cewa take raki ne, ta dinga gursheƙen kuka tana fyace hanci da gefen mayafi. Ya taɓa ta ya ce ga shi nan fa da ransa.

"Maigida, don Allah ka yi mana shiru, ana rasuwa."

Gari ya ɗauka. Aka dinga gayyatar likita hira yana koya wa jama'a yadda ake jure rashi. Shi kuwa Na-Gado, wata mata ta gan shi a kanti yana cinikin sabulu, ta tsuke fuska ta ce ya yi mata asarar hawaye.

Yana zaman kashe wando sai ga wayar darakta: masu kallo sun matsa, suna son sake ganinsa a ɗakin jinya, ya zo gobe. Na-Gado ya goge rigar asibitinsa da kansa, ya riga mai shara isa. Aka zaunar da shi a kujera, mai hoto ya gyara masa wuya, kafinta yana buga ƙusar rataye hoto a bangon ɗakin jinya.

"Ina takardar maganata?"

"Babu magana, Baba," in ji darakta. "Murmushi kawai za ka yi, irin na wanda ya huta."