Gishiri Barci Yake a Sanyi

...kuma ko da gwiwa biyu ya zo bakin garejin nan, makullin motar dai ba zai taɓa shi ba. A'a. Marlys tana kwance rigingine a kan kwali, a ƙarƙashin a-kori-kurar mijinta marigayi Arvo, tocila a baki, buroshin ƙarfe a hannu, tana kankare kaskon da baƙin mai ke taruwa a ƙasan inji. Kasko? Da can dai kasko ne. Yanzu ɓawon tsatsa ne, yana zubo mata a fuska jajawur kamar dakakken barkono. Ɗis... ɗis... baƙin mai a goshi. Shekara sittin da uku, ga ciwon gwiwa, ga ta shimfiɗe a ƙarƙashin mota da safiyar Asabar — a kan wa? A kan Duane mana.

Duane, ƙanin Arvo. Duane direban motar watsa gishiri. Duk hunturun duniya shi ke bin hanyoyin yankin nan yana barbaɗa wa ƙanƙara gishiri don ta narke, kowace hanya sau ɗaya, ya wuce. Amma gangaren gidanta? Sau biyu. Ta ƙirga, daga tagar kicin take ƙirgawa. Ya hau, ya juya a bakin akwatin wasiƙunta, ya sauko yana ƙara zubawa — har da ɗaga mata hannu, munafuki! Wai don kada ta zame. Ita ce za ta zame? Ita da ta fara tuƙi a ƙanƙarar Minnesota tun shi yana fitsarin kwance?

Ruwa ba ya tsami banza. So yake gishirin ya cinye motar, maganarsa ta tabbata.

Maganar... ɗakin taro na ƙasan coci, ƙamshin kofi da kyafaffen kifi, mata na jera faranti. Ko binne Arvo ba a yi ba — ƙasa ta daskare, sai an jira watan Mayu — Duane kuwa ya matso da kofinsa, baki duk ɓurɓushin burodi. "Matar Yaya, tsohuwar motar nan ki ba ni ita kawai. A hannunki ba za ta ga hunturu uku ba, na rantse." A gaban matar fasto! Har yau maganar tana kunnenta.

Wannan ne hunturu na uku. Watan Fabrairu. Saura wata biyu kacal ta ƙaryata shi... wata biyu!

Kankare, Marlys, kankare. Gam ɗin da ta sayo don liƙe hudar ba ya kama wuri mai maiƙo, haka aka rubuta a kwalinsa: a tsiyaye mai, a goge, a kankare sai an ga farin ƙarfe. To ina farin ƙarfen? Ko'ina ta taɓa sai ya ɓare. Ta ɗauka huda ɗaya ce, kamar ƙwayar gero. Ga ta biyu. Ga ta uku can gefen noti... notin ma kansa ya cinye, wace sufana ce za ta kama wannan? Makanikin gari ya ce sai an ɗaga inji kafin a sa sabon kasko, ya ce kuma in aka ɗaga bai san me zai biyo hannu ba. Ya faɗa yana kallon takalminsa. Abokin farautar Duane ne, kafin ta iso gida labari ya riga ta.

Ƙamshin tabar Arvo har yanzu yana cikin kujera. Hularsa tana nan a bayan madubi inda ya soke ta. In injin nan ya ƙone don rashin mai, a ina kuma za ta zauna ta ji shi? A maƙabarta? Dutse ba ya ƙamshi.

Oktoba... su biyun a tsakar gida, wa da ƙani, jarkokin tsohon baƙin mai da suka tara shekara guda, suna fesa wa ƙarƙashin motocinsu don maganin tsatsa kafin gishiri ya fara. Su fesa, su bi hanyar burji a guje don ƙura ta manne, su dawo baƙi ƙirin suna dariya kamar yara. Ƙazanta. Ta sha faɗa musu, ƙazanta ce. Kuma Oktoban farko bayan rasuwar ga shi nan da famfon feshinsa, ko kunya. "Matar Yaya, fito da tsohuwar mu shafa mata mai." "Tafi ka shafa wa sanƙonka!" Ta ji daɗin wannan. Har yanzu in ta tuna sai ta ji sanyi a ranta. Ya ɗauka za ta bar shi ya kwanta a ƙarƙashin motar yana lalube, yana auna abin da zai gada?

Ita ta san yadda ake riƙon abu. Arvo — Allah Ya ji ƙansa, mutumin kirki, amma shekara ashirin da biyu motar nan tana kwana a waje kamar karen da ba a so. Dusar ƙanƙara har madubi. Gareji kuwa cike da tarkacensa. Ita ta kwashe tarkacen, ita ta toshe kafofi, ita ta sa aka kafa hita mai ɗumama wuri. Kullum yamma ta shigo da ita, ta ja ƙofa. Garejin nan ya fi ɗakin kwananta ɗumi. Wa ya taɓa yi wa motar nan gata irin nata? Wa?

To Duane ma ya ɗanɗana. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi.

Jiya da rana, yana can bakin aiki... tsintsiya da bokiti, ta share gangaren nan tas, gishirinsa, nasa na kansa, wanda ya zubo mata sau biyu. Ta jiƙa da ruwan zafi, ta ɗura a famfon da take fesa wa tumatir. Makullin rumfar da Duane ke ajiye motarsa yana nan cikin makullan Arvo, bai ma tuna ya karɓa ba, sakarai. Ta yaye zanen rufi — ga 'yar lelen. Jar motar nan ta zamanin da, shekara arba'in tayarta ba ta taɓa taka gishiri ba, sai watan Yuli yake fito da ita ranar faretin gari, yana tafe a hankali yana ɗaga hannu kamar gwamna. Ta durƙusa da gwiwar nan mai ciwo. Ta fesa. Kowane lungu, kowace kwana, cikin ƙofofi, bayan tayoyi, inda ido ba ya kaiwa. Ta mayar da zanen yadda ta same shi. Kowa ya ci tuwo da ita, miya ya sha. Bari wata rana ya sa yatsa a cikin 'yar lelen tasa ya ji ya wuce... tana so ta ga fuskar. Fuskar kawai take so ta gani.

Bari ta gwada tsakiyar kaskon da sukudireba, a hankali... a hankali...

Ta shige. Har mariƙi. Kamar an soka wa dafaffiyar kabewa.

Ɗis. Wannan ba mai ba ne. Ruwa ne, ya sauka a leɓenta — gishiri. Daga ina? Ta juya tocila. Curin ƙanƙarar da ya maƙale a bayan taya tun jiya, launin toka, yana narkewa. Yana bin ƙarfe, yana gangarowa, yana shiga kowane tsagi. Duk ƙarƙashin motar jiƙe yake sharkaf. Yana naso. Yana tururi ma, a ɗumin nan...

Lokacin tana amarya, hunturunsu na farko, tana tsaye da bargo a kafaɗa. "Arvo, kai wane irin mutum ne? Ga gareji, ka bar mota a waje?" Yana kankare gilashi, ko juyowa bai yi ba. "Gishiri barci yake a sanyi, Marlys. Kika kai shi ɗumi, kin tashe shi." Ta yi dariya. Ta ce ƙiwar kwashe tarkace ce kawai.

A'a. A'a, ba haka ba ne. Sau biyu fa yake zubawa, ta ƙirga...

Bara, a bakin ƙofar nan, Duane ya leƙo, ɗumi ya bugi fuskarsa, ya yi turus. "Matar Yaya, wannan hitar —" Ta ja ƙofar ta rufe. Saura kaɗan ta datse masa hanci. Ta ji daɗin wannan ma.

Kullum yamma. Hunturu uku. Ta shigo da ita da gishirinta daskare, ta tashe shi, ta ba shi ɗumi ya kwana yana ci. Da hannunta take murza makunnin. Arvo shekara ashirin da biyu... ita uku ma ba ta cika ba. A hannunki. Bai ce a hanyarki ba, bai ce a gangarenki ba. A hannunki. Ashe ya sani, la'ananne, ya sani tun a coci — ya yi gaskiya, kuma wannan ce ba za ta taɓa yafe masa ba.

Hita tana ta gurnani a kusurwa. Ta kasa tashi ta kashe.

Rumfar Duane... sanyi ƙalau, har numfashinta take gani jiya. Ke nan barci yake. Duk abin da ta fesa yana can kwance yana barci, bai ci komai ba tukuna, sai Afrilu in ɗumi ya shigo. Bokiti goma na ruwa mai kyau, yini guda a durƙushe, ya fita. Sai dai da wane baki za ta ce masa...? Ko kuwa — akwai 'yar hita a bayan ƙofar rumfar, ta gan ta, ja ce, ba ya kunna ta sai zai yi aiki. Murzawa ɗaya.

Makullin yana aljihunta, yana tokare mata ƙugu. Ruwa ko wuta? Ta gaji. Hannun ya ƙi ɗaguwa.

Ɗis...