Kukan Injin Niƙa

"Bar shi!" in ji editan gidan rediyo, ya dafe na'urar kafin 'yar rahoto ta goge kukan injin. "Wannan ƙarar ita ce gishirin rahoton. In babu ita, cewa za a yi a ofis muka ƙirƙira."

'Yar rahoton ta sake saurara. Muryar matar da ta yi hira da ita ce, an kaurara ta har ta koma kamar ta namiji, tana faɗin yadda mijinta ya karya mata haƙarƙari biyu. A bayanta injin niƙa na ta kuka, yana yi yana sarƙewa kamar tsoho mai tari. Kwana tara ke nan matar tana ɓoye a ɗakin bayan wata mai niƙa, wadda ba dangin iya ba na baba, tausayi kawai. Ba ta yarda ta yi magana ba sai da aka rantse mata cewa ko uwarta ba za ta gane ta ba.

"Ranka ya daɗe, alkawari na yi mata."

"Sunanta kika faɗa? Unguwarsu? To! Injin niƙa nawa ne a garin nan? Ke dai kin cika tsoro kamar farar kura."

Ta janye hannunta daga na'urar. Wata uku tana jiran a sa rahotonta a labaran rana, kuma a faɗi gaskiya, ita ma ƙarar ta yi mata daɗi a kunne. Ƙarfe ɗaya aka watsa.

Da la'asar mai niƙa ta kira.

"'Yar nan, kin kyauta. Ba ta gaya miki sana'ar mijin ba?"

Ai kuwa matar ta gaya mata. Makanike ne. Yana nan rubuce a shafin farko na littafinta, da hannunta.

"Shi ya gyara min injin nan bara. Yana ƙarƙashin mota ya ji tarinsa a rediyo. Ya zo da kawunnanta biyu, sai haƙuri suke ba ta suna jan hannunta. Ga takalmanta nan a bakin ƙofa, ko sawa ba ta yi ba."

'Yar rahoton ta kashe wayar. Ta kira lambar matar sau huɗu. A na biyar muryar namiji ta ce, "Mun gode, 'yar jarida," aka kashe.

Ta tarar da edita yana ɓare gyaɗa a kan tebur. Ya saurare ta har ƙarshe, fuskarsa ta washe.

"Ta koma ɗakinta? Alhamdulillahi! Kin ga amfanin aikin jarida." Ya jawo takarda ya rubuta, ya miƙa mata: *Rahotonmu ya sasanta ma'aurata.* "Ke za ki karanta da yamma, ai guminki ne."

Ta tsani mutumin nan, ta tsani kunnenta fiye da shi.

Ƙarfe shida jar fitila ta kama. An rufe ƙofar ɗakin watsawa ruf, ko motsin ƙuda ba ya shiga. Ta karanta, muryarta ta fita tas.