Motar Baba Almu

"Ruhe ƙohwag ga, ɗiyata, kada ta jiyo mu."

Na ja ƙofar motar na rufe. Baba Almu yana zaune a kan bencin da ke zama gadonsu idan dare ya yi, ƙafafunsa sun kumbura har sai da ya yanke maɗaurin silifas ɗinsa kafin su shiga. Matarsa, Inna Hasiya, tana kicin ɗina tana dama masa kunu. Yana magana yana hutawa, ya ce likita ya gaya masa zuciyar ta gaji, ba wani aikin da za a yi mata kuma, sai magani da jira. Bai faɗa wa Inna ba, kuma ba shi da niyya.

"Ba mutuwa ta dame ni ba," in ji shi. "Kin san Hasiya. In na mutu muna cikin motag ga, nan za ta yi takaba. Sanyi na tahe. Ki maida mu cikin gidanki tun ina da rai, amma kada ki hwaɗa mata dalili."

Na san gaskiya ya faɗa. Mace tana takaba ne a gidan da mijinta ya bar ta, wata huɗu da kwana goma. Malamai sun yi sassauci idan akwai larura, amma Inna Hasiya ba ta karɓar sassauci ko daga hannun wa. Na taɓa ganin ta tana azumi da zazzaɓi, jikinta na kyarma, ana roƙon ta ta sha ruwa tana cewa saura kaɗan rana ta faɗi.

Tun da ni da maigidana Munzali muka tare a garin Beltsville na Amurka suke maƙwabtanmu. Mutanen Maraɗi ne, Allah bai ba su haihuwa ba. Shi mai haɗa sauti ne a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington, kuma tun kafin ya yi ritaya ba shi da hira sai ta zaga Turai a mota mai ɗaki, irin wadda ake ce wa RV a nan. Idan ya kama ka a bakin shinge, ka shiga uku. Zai gaya maka cewa sansanonin masu yawon shaƙatawa na bakin tekun Faransa tsada gare su da bazara, gara ƙananan filayen da ƙauyuka ke warewa, inda za ka ɗebi ruwa ka zubar da na datti kusan kyauta. Zai lissafa maka ƙasashen da ake barin mutum ya kwana a daji ba sansani, da waɗanda ɗan sanda zai ƙwanƙwasa maka taga. Ni kuwa da ko Virginia da ke kusa da mu ba na son tuƙi zuwa, sai in ce masa, Baba, mutum da gidansa da hitarsa mai ɗumama ɗaki ya tafi neman wahala a dajin Turawa? Ya yi dariya ya ce Bakanuwa ba ta san daɗin hanya ba.

Da ya yi ritaya sai ya sayar da gidan da gaske, ya sayi motar. Shirinsu a ɗora ta a jirgin ruwa daga Baltimore zuwa Beljiyam, su kuma su bi ta sama su tarye ta. Muka ce su ajiye ta a ƙofar garejinmu kafin ranar jirgi. Sau biyu yana ɗage ranar, yana cewa takardu ne. Ashe ƙafafu ne.

Washegari na fara aikin da ya ba ni. Na share ɗakin baƙi, na shimfiɗa sabon zanin gado, na ce wa Inna sanyi ya fara, su dawo ciki. Ta ce a duwatsun Turai da Malam, wato Baba, zai kai ta sanyin ya fi haka, gara jiki ya saba. Na ce maƙwabta na iya kai ƙara hukuma, tunda ba a yarda a zauna cikin mota a unguwa ba. Ta ce in sun zo ta ba su shayi. Na sa Munzali ya yi mata magana, ya tafi da ladabinsa ya dawo da kwanon dambu. Kullum da safe sai in leƙa ta tagar kicin, ba na samun natsuwa sai na ji Baba ya tayar da injin, domin kowace safiya yakan ɗumama shi na ɗan lokaci kada batir ya mutu. Abinci ma ya daina yi mini daɗi.

Wata ranar Laraba muna tsinke alayyafo ni da ita a bayan gida, na sake kawo zancen. Ta ajiye ganyen ta dube ni.

"Sadiyya, shi ya aiko ki ko?"

Na kawar da kai na janyo wani damin alayyafon.

"Ni ka wanke mashi ƙahwahun nan kullum. Kina tsammanin ban sani ba?" Ta ci gaba da tsinkar ganyen. "Ranar da na kwashe kayana na shiga gidanki, ranar zai san na hidda rai da tahiyag ga. Muddin muna kwana cikin mota, a hanya muke. Ki bar mashi wannan."

Na ce, to Inna, in abin ya zo fa? Ta ce in ya zo Allah na nan. Sannan ta roƙe ni kada in gaya masa ta sani.

Haka na koma riƙe da sirrin mutum biyu, kowanne yana kallona da ido yana jiran in yi masa aiki a kan ɗayan. Na yi fushi da su duka, wallahi. Tsofaffi biyu, shekara da shekaru a gado ɗaya, sun kasa faɗa wa juna magana ɗaya, sai ni da ban ji ba ban gani ba. Amma fushin bai kai tsoron ba. Ganyen bishiyoyi ya gama zuba, da asuba ciyawa takan yi fari, numfashinsa kuma har daga bakin ƙofar motar ana jin sa.

Da ya ga na kasa, sai ya gwada da kansa. Na kai musu miya da yamma, na tarar ya shimfiɗa taswira a tebur yana nuna mata wani tafki a arewacin Italiya inda ya ce za su kwana ba kowa kusa da su sai agwagi. Yana cikin bayani ya tsaya, ya ce bencin nan ya fara cin bayansa, yana marmarin gado mai faɗi ko na 'yan kwanaki ne, kafin jirgi. Bai dube ta ba da yake faɗa. Ita kuma ni ta duba, ta daɗe.

"To, Malam," ta ce. "Gobe in Allah ya kai mu."

Ban taɓa jin sauƙi irin na wannan yammacin ba. Har Munzali ya ce yau dai na ci abinci kamar mutum.

Da safe ta fara kwaso kaya. Ta kawo darduma da buta, ta koma ta kawo 'yar tukunyarta da jakar magungunansa, ina karɓa ina jerawa a ɗakin. Baba ya tayar da injin kamar kullum. Muna ninke zannuwa tana ba ni labarin wata ƙanwarta a Maraɗi, sai na lura ƙarar injin ba ta tsaya ba. Ya saba kashewa kafin ruwan shayina ya tafasa, ga shi har na sha na wanke kofi. Na dubi Inna, na ga ita ma ta daina magana, zanin yana hannunta.

Ni na riga ta fita. Yana kujerar direba, hularsa a kai, kansa ya jingina da gilashin taga, hannunsa ɗaya a kan sitiyari. Na kira shi, na taɓa wuyansa. Inna ta hawo bayana, ta yi salati a hankali, ta shafa idanunsa ta rufe. Ita ce ta miƙa hannu ta kashe injin, ni ko tunanin haka ban yi ba.

Sai washegari takardun izinin binne shi suka kammala, maza suka kai shi makwancinsa bayan azahar. Daren farko ba wanda ya kwanta, a falona muka zauna da ita da matan da suka zo daga garuruwan Wheaton da Clinton har gari ya waye. Da Munzali ya dawo daga maƙabarta ya ja ni gefe ya ce ya tambayi liman, liman ya ce ba laifi ta zauna a ɗakin, tunda sun riga sun yi niyyar ƙaura, ga kuma larurar sanyi. Na sa wata dattijuwa ta gaya mata. Ta saurara, ta ce Allah ya saka wa liman da alheri, ba ta ƙara komai ba.

Rana ta yi ƙasa, masu gaisuwa suka fara neman takalmansu. Ni dai idona na kanta. Da aka yi sallar magariba ta miƙe ta nufi ɗakin baƙi, na ji kamar in yi sujada. Ba ta daɗe ba ta fito, darduma a kafaɗa, buta da tukunya a hannu.

"Inna," na ce, "don wannan fa ya roƙe ni. Don kada ki yi sanyin nan a can."

"Na sani, ɗiyata. Ya yi iyakar ƙoƙarinshi, ke ma kin yi." Ta gyara mayafinta. "Amma ban taɓa kwana ɗakin ga ba. Can ya bar ni."

Ta fita. Na tsaya a tsakiyar falo ina kuka, sannan na ɗauko manyan barguna biyu da ƙaramar hita na bi ta. Na same ta ta shimfiɗa dardumar a ɗan tsakanin murhu da benci, ta zauna da carbi. Ba ta ce in tafi ba. Na lulluɓa mata bargo ɗaya, na yafa ɗayan, na zauna a kujerar da ke gefen ta direba. Ta cikin ƙaton gilashin gaban ba abin da ake gani sai ƙofar garejinmu, da busassun ganye da suka taru a kan abin share ruwan gilashin.