Daɓen Metir Arba'in

Takardar ta iso Agiye saura mako huɗu kakar wasa ta ƙare. Malam Gado, mai horar da 'yan matan ƙungiyar Giginya, ya tara su a inuwar dogon yaro da ke bayan koleji ya karanta musu. Hukumar gasar ƙwallon hannu ce ta rubuto daga Yamai. Duk ƙungiyar da ke ajin farko, in ba ta da filin kanta da aka amince da shi kafin wasan ƙarshe, to baɗi ba da ita ba, ko maki nawa ta tara.

Rufaida, mai tsaron raga kuma kaftin ɗinsu, ta dubi filin da ke gabansu. Rairayi ne zalla, da raga biyu da wani maƙeri ya haɗa musu da bututun ruwa. A kansa suka koyi wasa, a kansa suka doke kowa har suka hau ajin manya bara. Amma tun da suka hau, ko sau ɗaya ba su yi wasa a gida ba. Ranar da jadawali ya ce Giginya ce mai masauki, sai su cushe cikin motar haya su tafi Maradi, su ari zauren wasu, su yi wasa gaban kujerun da ba kowa. In kuwa sun je manyan birane, 'yan kallo ba su da waƙa sai ta su koma gida su toni aya. Ummuhani, mai jefa musu ƙwallo daga hagu, takan juya ta tambaye su buhu nawa za a kawo musu. Da haka dai suka rarrafo, maki nan ɗaya can biyu, har ya zama canjaras ɗaya ya ishe su tsira a wasan ƙarshe. Ga shi yanzu takarda ta ce ko sun samu, banza ne.

Simintin da manyan gari suka yi alkawari tun farkon shekara bai zo ba, kuma kowa ya san ba ya kan hanya. Malam Gado ya ninke takardar, ya ce sun yi abin da za su iya, ba wanda zai ce ba su yi ba. Rufaida ta miƙa hannu ta ce ya ba ta ta tafi da ita gida.

Da la'asar tana zaune a tsakar gidan Gwaggo Asta, yayar mahaifinta da ta rene ta, tana bin takardar layi layi. An ce fili mai tauri, marar ƙura, wanda bai karkata ba. Ta karanta sau uku, ba ta ga inda aka ambaci siminti ba. Ƙwallonta na gefe, ta ɗauka ta buga da ƙasa ba tare da tunanin komai ba, sai ya dawo mata hannu tsaf. Ta sake bugawa. Sannan ta dubi abin da take zaune a kai: daɓe ne baƙi wuluk, mai sheƙi, wanda ya girme ta, ko tsaga ɗaya babu.

Gwaggo Asta ce ta yi shi. A zamaninta ba a daɓen ɗakin amarya ko tsakar gida a unguwarsu sai an kira ta, ita ke tsara mata, ita ke ba da waƙa. Da siminti ya shigo aka daina aiko mata, madaɓinta na itace ya koma bayan randa. Ba ta taɓa ganin wasan Rufaida ba, abin da ta sani kawai ɗiyar ƙanenta na tsayawa a bakin raga ana jifan ta.

Da Rufaida ta kawo mata maganar a daɓe filin, ta saurari bayanin har ƙarshe tana tsince wake, sannan ta tambayi girman wurin.

"Metir arba'in tsawo, ashirin faɗi."

"Yi mini magana da tsakar gida, ni ban yi lakol ba, ban san awon boko ba."

"Kamar tsakar gidan nan sau goma, Gwaggo."

Tsohuwar ta ajiye faifai. Ta bi tsakar gidan da ido. Can sai ta ce hannuwa ba za su gagara ba, makuba ce aikin, don bawon ɗorawar da zai jiƙa wuri irin wannan ba a gida ɗaya yake ba.

Cikin kwana biyar maganar ta zaga. Mata suka aika wa 'yan'uwansu a Gazawa da ƙauyukan kudu, buhunan makuba suka riƙa zuwa a bayan babura. Masu amalanke suka kwaso jar ƙasa da tsakuwa. Malam Gado ya zo da igiya da turaku ya auna tsawo da faɗi, ya buga kusurwa huɗu, ya gyara tsayuwa zai duba aiki. Gwaggo Asta ta ce masa ya gama nasa, ya kama hanya, waƙar daɓe ba ta kunnen maza ba ce. Ya ce ai shi ne mai horarwa. Wata daga baya ta ɗauko baiti a kan siraran ƙafafunsa, sauran suka amsa, bai kai ga jin na biyu ba ya hau babur.

Mata sun fi ɗari. Suka jeru a durƙushe, kafaɗa da kafaɗa, ana yayyafa ruwan makuba a gaba suna bi da duka, madaɓai na sauka tare kamar hannu ɗaya. Daga tasha ana jin su. Gwaggo Asta na zagawa da sanda, tana runtse ido ɗaya, tana cewa a ƙara ƙasa nan, a rage can. Rufaida ta gaya mata tun farko cewa takarda ta ce kada fili ya karkata, ta ce ta ji. Kwana tara ana yi. Da ya bushe sai ya fito ja mai duhu, sumul, in ka taka kamar dutse. 'Yan wasa suka ja layuka da farar ƙasa, suka tafi wasanninsu biyu na waje, aka cinye su a duka biyun, ba su damu sosai ba. Hankalinsu na kan Lahadin ƙarshe.

Ranar Litinin mai duba filaye ya sauka, wani dogo mai tabarau da ake kira Mushe Abdulrahaman, wato Malam a bakin masu Faransanci. Da ya ji da me aka yi filin sai ya yi murmushi, amma da ya taka murmushin ya ɗauke. Ya buga dunduniya. Ya shafa tafin hannu ya duba, ba ƙura. Ya auna layuka, ya buga ƙwallo ya cafe, ya ce shekararsa goma sha biyar yana wannan aiki bai taɓa ganin irinsa ba. Daga nan ya je tsakiyar fili, ya ajiye ƙwallon a hankali, ya ɗauke hannu.

Ƙwallon ya ɗan tsaya. Sannan ya motsa, ya fara gangarawa kudu sannu sannu, kamar mai jin kunya, har ya tsallake layi ya faɗa rairayi. Mushe Abdulrahaman ya sake gwadawa a wani wuri, ya sake a na uku. Duk kudu.

Rufaida ta juya ta dubi gwaggonta. Tsohuwar ko gezau. Ta ce ai da gangan ne, ido ba ya gani amma ruwa yana gani; wace mahaukaciya ce za ta yi daɓe a sarari ba ta ba ruwa hanya ba? Tun tana budurwa haka aka koya mata, kuma shi ya sa nata ba ya tsagewa.

Mutumin ya cire tabarau ya goge. Ya ce wallahi ya ji zafin abin, amma ba zai sa hannu ba. Zai rubuta cewa sun yi ƙoƙari, wataƙila in sun sauka aji na biyu su gyara a natse su dawo. Yanzu Damagaram zai wuce, sai Juma'a zai biyo hanyar komawa.

"To ran Juma'a ka tsaya," in ji Rufaida.

"Madamazal, yau Litinin."

"Na sani. Ka dai tsaya."

Da motarsa ta tashi, Malam Gado ya ce kwana huɗu ba su isa ba, kuma ko sun isa, bai yarda ko 'yar wasa ɗaya ta taɓa madaɓi ba, hannuwansu na Lahadi ne. Rufaida ta ce in ba fili, wace Lahadi? Ta nufi inda Gwaggo Asta ke tsaye, ta rage murya.

"Gwaggo, a sassare gefen kudu, a cika shi ya zo daidai."

"In ɓata aikina da hannuna don wani mai gilashi?"

"Ba don shi ba."

"Ke yarinya ce. Daɓen da ba ya zubar da ruwa, damina ɗaya za ta cinye shi."

"Ta cinye. In kaka ta yi mu sake. Amma in aka cire mu yanzu, su Ummuhani biranen nan za su ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ba za a ƙara yin Giginya ba. Shekara guda ana ce mana mu koma gida. Ni so nake su su zo gidan, su same mu a ciki."

Gwaggo Asta ta juya ta tafi. Rufaida ta aro fartanya a gidan da ke kusa, ta dawo ta tsaya a gefen kudu, ta ɗaga. Hannunta ya ƙi sauka. Tana nan tsaye sai ta ji an fizge fartanyar ta baya. Tsohuwar ce, ta ɗaure ɗankwali a ƙugu, madaɓinta a hamata. Ta ce ba wanda zai fasa daɓenta sai ita. Ta kai sara na farko.

Wannan karon matan da suka fito ba su kai rabin na da ba, wasu sun gaji, wasu sun ce an raina musu aiki. 'Yan wasa suka cike gurbi, Malam Gado na kallo daga nesa yana riƙe da kai. Zafin bazara ya taimaka wajen bushewa, ya kuma gasa su. Ba a ƙara amfani da idon Gwaggo ba. Duk taku biyar sai Rufaida ta ajiye ƙwallo, in ya motsa a ƙara ƙasa. Tsohuwar na tsaki tana cewa yau ga ta an sa roba ta zama malamarta. Makuba ta ƙare ran Laraba, suka jiƙa bagaruwa suka ƙarasa da ita, shi ya sa gefen kudu ya fi duhu. Kafin Alhamis tafin hannun Rufaida ya yi bororo ya fashe, ya sake yi.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci Mushe Abdulrahaman ya tsaya. Ya ajiye ƙwallo a wuri bakwai, kowane sai ya ja da baya ya jira. Ƙwallon bai motsa ba. Ya ɗora takarda a kan motarsa ya sa hannu, ya tambayi sunan wadda ta jagoranci aikin don ya rubuta. Gwaggo Asta ta ce ya rubuta cewa ba da son ranta ba.

Ranar Lahadi Agiye ta fito. Har kan katangar koleji mutane ne. 'Yan Yamai, na uku a teburin gasa, suka sauko daga motarsu suna taka filin da yatsun ƙafa suna dariya. Dariyar ba ta kai hutun rabin lokaci ba. Amma sun fi ƙarfi, kuma hannuwan Giginya sun ci wuya. Ummuhani ta zubar da ƙwallaye uku da ba ta saba zubarwa ba, Rufaida kuwa duk wanda ta tare sai ta ji shi har cikin haƙora, ta cikin tsumman da ta naɗe tafinta. Lokaci ya cika ana ashirin da ɗaya da ashirin da ɗaya, sai dai kafin usur ya tashi alƙali ya riga ya ba baƙi jifan metir bakwai. Jifa ɗaya ya rage, mai jifa da mai tsaron raga.

Rufaida ta san yarinyar da ta ɗauki ƙwallon. A Yamai sau biyu ta ci ta da jifa iri ɗaya: ta buga da ƙasa ya yi tsalle ya wuce ta saman ƙafa. A can filin katako ne. Nan kuwa Rufaida ta san daɓe ba ya mayar da ƙwallo sama haka, yakan ɗan riƙe shi ya sake shi ƙasa ƙasa, musamman gefen bagaruwa, kuma wannan gefen ita ta daɓe shi da hannunta. Da usur ya tashi ba ta ɗaga hannu ba ma. Ta shimfiɗa ƙafar dama a ƙasa. Ƙwallon ya daki daɓe, ya taso kaɗan, ya bugi ƙaurinta ya fita waje.

Ba ta ji ihun da farko ba. Abin da ta fara gani Gwaggo Asta ce a bakin layi, da sanda, tana korar masu gudu su shigo fili da takalma masu tsini.

Bayan kwana takwas ruwan farko ya sauka. Da safe Rufaida ta je, ta tarar da filin ya zama tafki, metir arba'in na ruwa kwance ba inda za shi. Gwaggo Asta ta riga ta zuwa, tana tsaye da tsintsiyar kwakwa biyu.

"Na faɗa miki."

"Kin faɗa, Gwaggo."

"Na aika Gazawa su fara tara makuba." Ta miƙo mata tsintsiya ɗaya. "Fara daga can. Kudu za ki kora shi."