Tanti a Can, Sanduna a Nan

Sati biyu cur sikelin kicin ɗin Ngaire bai ga fulawa ba. Mijinta Callum ya ƙwace shi yana auna kayan tafiya. Tun da ta haifi Pania ba su hau tsauni ba, yau wata tara ke nan, shi ne ya rantse wannan karon jakar kowa ba za ta fi nauyin jaririyar ba. Kilo takwas.

Ya yanke hannun buroshin haƙori. Ya ajiye tsohon tantinsu mai ƙarafa, ya sayo wani shara-shara wanda da sandunan dogarawa biyu ake kafa shi. Risho kuwa ɗan kai ne kamar babban yatsa, sai an ɗaura shi a kan gwangwanin gas. Tukunya ɗaya, bargon gashin agwagwa ɗaya su biyu. Igiyoyin tantin ma sai da ya datse su.

Mama Huia, mahaifiyar Ngaire, wadda za a bar wa Pania kwana biyu, tana zaune da jikarta a cinya tana kallon ikon Allah.

"Ɗana, shi wandon naka ba ka auna shi ba? Ai in ka bar shi gida ka rage giram ɗari uku."

"Mama, giram giram ne ke zama kilo."

"Haka ne. Gashin bakin nan ma a aske."

Daga nan ya zo rabo. Ya tara kayan, yana ɗora wannan a nan, wancan a can, har jakunkunan suka zo daidai ba wadda ta fi wata ko da cokali. Ngaire ta so ta yi magana, amma Pania ta fara kuka, ta tafi.

Ranar farko lafiya lau. Rana ta biyu tun hantsi ruwa ya sauko, irin na gaɓar tekun yamma da ba ya sallama. Wajen la'asar suka iso wani rafi, faɗinsa bai fi taku goma sha biyu ba. Ngaire ta tsaya. Lokacin da Pania ta saba shan nono ne, ƙirjinta ya cika yana mata zafi, ta ce bari ta raɓa gindin bishiya ta tatse ta rage.

"Bari in taɓa ruwan in gani," in ji Callum.

"Ka jira mu riƙe juna mu shiga tare, yadda ake yi."

"Iya gwiwa ne fa, Maman Pania."

Sandunan duka biyu suna wurinta saboda gwiwarta. Haka ya shiga hannu rabbana.

Tana tsugune ta ji wani ƙara daga sama, kamar ana mirgina ganguna. Ta san ƙaran nan, duwatsu ne ke tafiya a ƙarƙashin ruwa. Ta miƙe a guje. Rafin da ta bari garai-garai ya koma kalar shayi da madara, Callum kuma yana tsakiya, ruwa a ƙugunsa. A idonta ruwan ya kwashe masa ƙafafu. Ya nutse, jakar ta taso, ya sake nutsewa. Can ƙasa kaɗan ta ga hannu ya cafki saiwar bishiya a wancan gefen. Ya ja jikinsa ya fita da rarrafe, ya kwanta rub da ciki yana tari.

Ta ƙaraso bakin ruwan tana hangensa.

Kafin ya tashi zaune, dutsen da ya taka wajen shiga ruwan ya ɓace. Bukkar da masu hawan tsauni ke kwana a ciki tana gaba, amma akwai wani kogin da ya fi wannan tsakaninsa da ita. Waya kuwa tun jiya ba ta kama komai.

Ta zazzage jakarta a kan rigar ruwa. Bargo. Gwangwanin gas. Tukunya. Sanduna biyu da turaku. Rigunanta busassu. Ta ɗaga kai ta ga shi ma ya zazzage tasa: yadin tanti, kan risho, laita, abinci. Tanti a can, sanduna a nan. Risho a can, gas a nan. Shi da ya jiƙe sharkaf ba bargo, ita da ke da bargo ba rufi. Sikeli ya raba su daidai wa daida.

Ya zo bakin ruwa ya haɗa hannu a baki. Da ƙyar take tsinto maganarsa.

"Zan dawo."

"Kar ka kuskura."

"Me?"

Ta ɗauki sanda ta nuna shi da ita, ta nuna ƙasa, kamar yadda take wa karensu. Ya tsaya. Amma ta ga yadda yake karkarwa, ya yi ta kokawa da zif ɗin rigarsa ya kasa ja. Ta taɓa ganin mutum a haka. In sanyi ya gama shiga, karkarwar ma tsayawa take, mutum ya fara shirme, ya ce zafi yake ji, ya tuɓe. Kafin duhu Callum zai kai nan, ko kuma ya faɗa ruwan da ƙafarsa. Fuskar Pania ta faɗo mata, da haƙoranta biyu na ƙasa, ta yi maza ta kawar.

Igiya ta fara tunawa, sai ta tuna an datse. Saura jifa.

Ta fara da tukunya don ta gwada hannu. Ta jefa. Iska ta ɗauke ta kamar hula, ta faɗa tsakiyar ruwa, ko sake ganinta ba su yi ba. Ba ta da nauyi, ai don haka aka saye ta.

Ngaire ta waiga neman abu mai nauyi. Ta tsuguna ta zaɓi dutse, ta cusa shi cikin safa tare da gwangwanin gas, ta ɗaure. Ta wulwula ta saki. Ya daki gaɓar can, ya gangaro, Callum ya faɗa kansa da ƙirji.

Saura bargon. Shi kaɗai ne, in ya bi tukunya shi ke nan su duka biyun. Ta cusa shi cikin 'yar jakarsa, ta sa a leda, ta ƙara duwatsu biyu, ta ɗaure bakin da igiyar takalminta. Ta auna shi a hannu. Wata tara tana jefa nafkin cikin kwando daga ƙofar ɗaki, hannu ɗaya riƙe da yarinya, ba ta cika kuskure ba. Amma kwando ba ya ruri.

Callum yana girgiza kai yana nuna ta, wai ta riƙe abinta.

"Rufe mana baki, sarkin awo," ta ce, ko da yake ba zai ji ba.

Ta jira iska ta ɗan lafa. Ta matsa har ruwa na lasar takalminta, ta ja baya da hannu, ta saki da duk ƙarfinta. Ƙullin ya tashi, ya yi kamar zai gaza, ya faɗi cikin ciyawar bakin ruwa, rabinsa a ciki. Ruwan ya fara jansa. Callum ya miƙa ƙafa ya take igiyar.

Ta zauna daɓas a cikin laka tana kuka ba sauti.

Shi ma ya koyi darasi. Ya naɗe yadin tantin da dutse a ciki, ya jefo, ya faɗo bayanta da nisa. Ya ƙara da ƙunshin cakulan. Ta kafa sandunan, ta buga turaku, ta tsawaita guntayen igiyoyin da ɗayar igiyar takalmi da maɗaurin gashinta. Tantin ya tsaya a karkace, amma ya tsaya. Ta juya ƙofarsa wajen rafi.

A can ya sami ƙarƙashin wani dutse mai baki. Ta ga ya tuɓe jiƙaƙƙun kaya ya shige bargo, ya zura ƙafafu cikin babbar ledar jaka. Ya daɗe yana fama da laita. Sai ga 'yar wuta shuɗiya. Ya juye kifin gwangwani a baki, ya ɗora gwangwanin kifin da ruwa a kan rishon.

Duk bayan ɗan lokaci sai ta buga turke a jikin sanda sau uku, shi kuma ya ɗaga tocila. Haka suka yi ta yi. Sau ɗaya ya makara, ta tsaya a bakin ruwa tana kiran sunansa har muryarta ta dishe, sannan hasken ya ɗago.

Da gari ya waye ruwan sama ya ɗauke. Rafukan nan yadda suke cika da sauri haka suke janyewa. Wajen hantsi dutsen jiya ya fito, ruwan ya washe. Ta jefa masa sanda ɗaya, ya ƙetaro a hankali, leɓunansa sun tsage, yana warin kifi. Ta riƙe shi ta ƙi saki.

"Tukunyar nan fa giram tamanin ce kawai," ya ce a kunnenta.

Ta dake shi a kafaɗa.

Suka juya ta gajeriyar hanya, da yamma suka iso gida. Pania na ganinta ta miƙo hannu tana ihu, ta kama nono kamar za ta cinye uwar, kuma ashe haƙori na uku ya ɓullo a sama suna can. Mama Huia ta dubi takalman 'yarta ba igiya, ta dubi surukinta.

Ngaire tana shayarwa ta sa ƙafa ta jawo jakunkunan. Da hannu ɗaya ta haɗa risho da gas da laita wuri guda, tanti da sanduna da turaku wuri guda. Ta ce gobe a sayo bargo na biyu da doguwar igiya.

"Jakar wani za ta fi ta wani nauyi fa," in ji Callum a hankali.

"Taka ce," ta ce. "Mama, miƙo min sikelin nan, burodi zan kwaɓa."